Murfin Tanki na Biyu

Injiniya ya yi wa yayansa sata. Babu wata kalma mai laushi da za a lulluɓe abin da ita. Ranar hutu, da rana tsaka, ya buɗe ƙofar tashar gas da mabuɗin da yayan nasa ya yanka masa da hannunsa, ya hau tsani, ya kwance murfin tanki na biyu, murfin da aka yi wata goma sha huɗu ba a taɓa ba, ya kwashi abin da ya zo kwasa, ya kama gabansa. Yayan, wanda kowa ke kira Mai Walda, bai sani ba sai washegari da safe, kuma kunnensa ne ya fara gaya masa.

Tun daga bakin titi ya ji muryar babban injin wuta ta canja. Injin da ya saba gurnani a daidaice yau tari yake yi, yana ja yana saki kamar tsohon da ya hau bene. Mai Walda bai tsaya jingine babur ɗinsa ba. Ya sake shi ya faɗi a bakin ƙofa, ya wuce Maigadi ba gaisuwa, ya nufi na'urar awo mai nuna kyan gas cikin ɗari. Gas ɗin da ke shiga tanki na biyu, hamsin da takwas. Wanda ke fitowa, hamsin da takwas. Shekaranjiya da yamma casa'in da shida ya bari.

Tashar tana tsakanin kwatar yanka shanu da wani ƙaramin asibiti, katanga ɗaya ta raba ta da kowanne. Kashin shanu da jini da ruwan wankin kwata suna gangarowa cikin tanki na ɗaya, su ruɓe, iska ta taso. Kusan kashi shida cikin goma na wannan iska mai cin wuta ce, ita ce masu ilimi ke kira mitan. Sauran kabon ce, ba ta ci, sai cika wuri da shaƙe inji. Shekaru aka yi ana fama da wannan gaurayen gas a wani ƙaramin inji da ba ya iya ɗaukar rabin asibitin, har wata malamar jami'a ta zo bincike. Ita ta nuna wa Mai Walda cewa rarar wutar da faifan sola ke bayarwa da rana za ta iya raba ruwa ta fitar da wata iska mai saurin kama wuta, haidurojin. In aka haɗa mudu huɗu na haidurojin da mudu ɗaya na kabon aka tura su ta cikin wasu halittu da ido ba ya gani, sai su cinye duka biyun su fitar da mitan. Malamar ta bar masa kwalba ɗaya ta irin halittun da littafinta na rubutun hannu, ta koma wani aikin. Shi ya ƙera tanki na biyu. Shi ya zauna ya yayyanka tsofaffin bututun roba guntu-guntu kamar zobba, ya cika tankin da su, don halittun su sami abin maƙalewa. Wata bakwai ya yi yana ba su abinci kaɗan-kaɗan kafin yauƙinsu ya rufe zobban, allurar awo ta fara hawa. Garkena yake ce musu. Maigadi kan ce tunda yake bai taɓa ganin makiyayin da shanunsa ke cikin duro ba sai wannan.

Doka ɗaya garken yake da ita: iskar da mutum ke shaƙa ya rayu, su guba ce gare su. Shi ya sa Mai Walda ya rubuta KADA A BUƊE da jan fenti a jikin murfin, ya kuma ja layin rawaya a kan kowane noti daga cikin goma sha shidan da suka ɗaure shi.

Ya fara rufe famfon da ke kai gas cikin manyan jakunkunan ajiya. Ta farko ta riga ta gurɓace, ta biyun tana nan cike da mai kyau, sai ya mayar da injin kanta, tarin ya lafa. Ya duba famfon haidurojin ya tarar an rufe shi tam. Wanda ya shigo ya san abin da zai iya tashi da shi, ya kare fatarsa. Sannan ya hau tsani. Layukan rawaya ko ɗaya bai dace da ɗan'uwansa ba. An ɗaure notin ne bi da bi, a zagaye, ba a gicciye ba yadda mai aiki ke yi, har robar bakin murfin ta leƙo ta gefe ɗaya.

Maigadi bai jira a tambaye shi ba. Yana tsaye a gindin tsanin riƙe da hularsa, ya zayyana komai. Injiniya ya zo da mota da bokitai huɗu, ya ce Yaya ne ya aiko shi ɗibar samfur. Ya buɗe murfin, ya cika bokiti biyu, sai aka kira shi a waya, ya sauko ya shiga mota ya kunna sanyi, ya daɗe yana magana. Murfin yana buɗe tun inuwar tankin na ƙarƙashinsa har ta kai katangar asibiti. Da ya gama cika bokitan sai ya ga rami ya fito a cikin zobban, ya ce a jawo tiyo a feshe ciki da ruwan famfo don su baje, kada Yaya ya ga an bar masa aiki a hargitse.

"Ni na riƙe masa tiyon," in ji Maigadi. "Da hannun nan nawa. Har yana yi mini godiya."

Ruwan famfo, mai sanyi, mai maganin da hukuma ke zubawa musamman don kashe irin waɗannan halittu. Mai Walda ya sauko ya tari kofi ɗaya daga ƙaramin famfon da ke gindin tankin, ya kai hanci. Warin da ya sani, mai ɗumi kamar na ƙasar da ruwa ya daka, babu shi. Sai ɗan tsami da ƙanshin maganin famfo.

Ya ce wa Maigadi ya mayar da hularsa. Ba shi ya yanka mabuɗin ba.

Sista, babbar ma'aikaciyar jinya, ta shigo ta ƙaramar ƙofar katanga. Mace ce da ba ta da lokacin kewaye-kewaye. Ta ce fitilun ɗakin tiyata sun yi ta ƙyafta ido tun da sassafe, tana son jin gaskiya, ba lallashi ba. Ya gaya mata. Jakar da ta rage za ta riƙe asibitin kwana biyu, ko uku in aka kashe fankoki. Bayan nan sai a koma kan ƙaramin inji da ɗanyen gas, shi kuwa ta san iyakarsa. Da rana sola za ta taimaka, in rana ta faɗi sai abin da injin ya iya.

Ta tsaya tana lissafi da yatsu. Jarirai bakwai a kwalba. Firijin jini. Waɗannan ba a taɓa su. Ɗakin tiyata ne zai rufe, don ba za ta yarda a tsaga cikin mace fitila na wasa ba. Duk wadda haihuwa ta gardame mata sai a sa ta a mota zuwa babban asibiti, tafiyar awa guda a hanyar da kowa ya san halinta.

"Har yaushe, Baba?"

"In an sami iri, wata uku. Ko huɗu."

"In ba a samu ba fa?"

Ya ɗaga kai ya dubi tankin. Ta dubi murfin, ta dubi jan rubutun, ta tambaye shi wane marar tsoron Allah ne ya yi wannan.

"Na gida ne," ya ce.

Ta ce za ta je ta sanar da likita, ta juya.

Madubin babur ɗin ya karye, babur ɗin kuma ya ƙi tashi, sai ya tari bas zuwa cikin gari neman ƙaninsa. An cusa su biyar a kujerar mutum huɗu. Matar da ke gefensa ta ja gyalenta ta toshe hanci, kwandasta ya ce Baba ko dai kwatar ce gaba ɗaya ya sako a aljihu. Aka yi dariya. Shi bai ji ba.

Auta yake tunani. Shi dai har yau Auta yake ce masa, ko da duniya ta koma kiransa Injiniya. Yana da shekara huɗu mahaifinsu ya rasu, Mai Walda yana da goma sha tara. A kafaɗa yake kai shi makaranta, ya wuce rumfar walda, inda tartsatsi ya ci masa idon hagu har yanzu ba ya gani da shi sosai. Duk littafin da Auta ya gama da shi, shi yake ɗauka ya karanta a rumfa, haka ya koyi lissafin da ya sani. Ranar da hukuma ta ce tashar gas ba za ta yi aiki ba sai da sa hannun mai takardar injiniya, Mai Walda murna ya yi, ya ce ga shi a gida. Ya sa sunan Auta a kan kowace takarda. Auta yakan zo sau ɗaya a wata da farin takalmi, hankici a hanci, ya sa hannu a kan bonet ɗin mota, ya ɗauki hoton zanen da ke manne a bango, ya tafi. Watanni biyu da suka wuce ya fara yawan maganar wani kamfani da zai gina babbar tasha a jujin bayan gari. Mai Walda ya ce Allah ya taimaka, bai kawo komai a ransa ba. Mutumin kirki yakan auna kowa da mudunsa, nan ne ake cin sa.

Ofishin kamfanin yana hawa na huɗu. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta dubi takalminsa na roba kafin ta dubi fuskarsa, ta ce masu gyara ta ƙofar baya suke bi. Ya ce wurin Injiniya ya zo. Ta ce yana taro. Bangon ɗakin taron na gilashi ne, ƙofar kuma ba a rufe take sosai ba, don haka ya tsaya ya gani, ya kuma ji.

Mutum shida a kewaye da tebur. A tsakiya wani tulun gilashi cike da zobbansa, an wanke su tas suna sheƙi kamar kayan ado. A bango an haska zanen tanki na biyu, an sake zana shi da kwamfuta, da sunan Injiniya a ƙasa da manyan baƙaƙe. Komai yana nan, har da lanƙwasar da ke jikin bututun shiga. Wani mai furfura, da alama shi ne shugaba, ya nuna lanƙwasar da biro ya tambayi amfaninta. Injiniya ya gyara wuyan riga ya ce wannan ita ce sirrin aikin, tana rage gudun gas don ya gauraya da kyau, shekara biyu ya yi yana gwaji kafin ya gano kusurwar. Suka gyaɗa kai, ɗaya ya rubuta.

Bishiya ce kawai a wurin, can a tasha. Maigadi ya roƙa kada a sare masa inuwa, shi ya sa Mai Walda ya lanƙwasa bututun ya kewaye ta.

Shugaban ne ya fara hango shi, ya tambayi ko wane ne. Injiniya ya waiwayo. Fuskarsa ta yi abin da fuskar ɓarawo ke yi, na ɗan lokaci kaɗan, sannan murmushi ya rufe.

"Mai waldanmu ne, ranka ya daɗe. Minti biyu."

Ya kamo hannun rigarsa da yatsu biyu ya ja shi zuwa matakala, suka sauka har filin ajiye motoci. A can bakin Injiniya ya buɗe. Ya ce ya yi niyyar zuwa gida da yamma ya yi bayani. Ya ce bokiti huɗu kawai ya ɗiba a tankin da ke cin bokiti ɗari biyu, ko kaza ba ta jin an cire mata gashi huɗu. Ya ce Yaya bai san darajar abin da ke hannunsa ba, shekara nawa zai yi yana shaƙar kashin shanu saboda asibiti mai gado talatin, alhali ga mutanen da za su haska rabin gari. Ya ce ya riga ya yi masa tanadi, in an fara gini shi ne zai zama shugaban masu walda, da hular kwano da komai.

"Awa nawa ka bar murfin a buɗe, Auta?"

"Yaya, ba na son irin wannan. Na rufe da hannuna."

"Sista za ta rufe ɗakin tiyata jibi."

Injiniya ya ce wannan tsoratarwa ce irin ta Sista, tankin zai farfaɗo cikin mako, ya karanta. Don ya nuna ba ɓarna ya yi ba, ya danna mabuɗin mota, but ya ɗaga. Bokitan huɗu suna jere, babu murfi, tun jiya suke cikin zafin mota. Ruwan da ke cikinsu garai-garai, har ana ganin gindin bokiti. Ya ce da ya kawo su wari ya hana direba numfashi, ba zai shiga da wannan ƙazanta gaban manyan mutane ba, shi ya sa ya sa aka ɗauraye su sau uku aka canja musu ruwa mai tsabta.

Mai Walda ya tsoma hannu ya ɗauko zobe ɗaya. Ya murza shi tsakanin yatsu, robar ta yi ƙara. Babu yauƙi ko na shafawa. Ƙazantar da aka wanke ita ce garken. Abin da ya rage tsohon bututu ne da ya tsinto a bola ya yanka da zarto.

Ya daɗe yana kallon zoben. Zai iya yin shiru ya tafi, ba wanda zai ce ya yi laifi. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma wannan yaron a kafaɗarsa ya girma.

"Sun mutu, Auta. Na tankin sun mutu, naka ma sun mutu. Roba ce kawai a bokitin nan. Ka koma sama yanzu ka gaya wa mutanen nan kafin ka sa hannu a takardarsu."

Injiniya ya yi dariya, ya rufe but ɗin. Ya ce halittun suna cikin ƙofofin robar inda ido ba ya kaiwa, abu ne na ilimi. Ya ce bai taɓa zaton hassada za ta kama Yaya da girmansa ba.

"Ba ni mabuɗina."

Ya zare shi daga cikin tarin mabuɗan mota ya miƙa, yana cewa dama ya gama da shi. Ya juya zai tafi, sai ya tsaya ya ƙara wata. Ya ce in laifi ake nema a fara daga gida: da Anti, matar Yaya, ba ta zubar da duron nan na bayan ɗaki ba, da bai ko kalli tankin ba. Can ya fara zuwa jiya, ita da bakinta ta ce ta gaji da wari ta sa an kifar da shi a kwalbati.

Wannan ta fi ta farko zafi. Duron shuɗi ne, mai cin lita sittin, a lulluɓe da tsofaffin barguna a bayan ɗakin kwanansu. Tun farkon aikin Mai Walda ya ware kaɗan daga garken ya rufe a ciki, saboda irin wannan rana. Duk mako yakan cika tsohon tub na tayar mota da iskar abincinsu, ya rataya a kafaɗa ya hau babur, maƙwabta suna tambayarsa ko wanka za shi a kogi. Matarsa, tela ce mai keken ɗinki a gida, ta tsani duron. Ta ce ya cinye mata barguna uku, ya kori masu kawo ɗinki, kuma wata rana zai dawo ya tarar ta yi masa abin da ya dace. Kwana shida ke nan bai leƙa bayan ɗakin ba. Duron yake nufi lokacin da ya ce wa Sista in an sami iri.

A bas ɗin komawa bai ma san an karɓi kuɗin mota a hannunsa ba. Ƙani da mata, rana ɗaya. Ya ga kansa tsaye gaban Sista yana gaya mata ba wata uku ba ne, babu ranar.

Ya shiga gida ba sallama, ya zarce bayan ɗaki. Wurin duron fayau, sai zagayen da gindinsa ya bari a ƙasa. Ya tsaya a kan zagayen. Yana jin ƙarar keken ɗinki daga ciki, sai ta tsaya.

"Malam, in ka gama gaisawa da ƙasa ka shigo ka ɗauke mini wannan masifar. Tun jiya nake ɗinki da hanci a toshe."

A kusurwar ɗakin ɗinki akwai tulin yadudduka da ragowar atamfa har kusan rufi. Ta yaye na sama. Shuɗin duron ya leƙo, da bargunansa, famfonsa a ɗaure da tsumma yadda ya bar shi. Ya durƙusa ya sa tafin hannu a jikinsa. Da ɗumi. Ya ɗan murɗa famfon ya sunsuna, warin nan ya daki hancinsa, warin ƙasar da ruwa ya daka. Bai tashi da wuri ba.

Ta ba shi labari tana cire zare daga bakin allura. Auta ya zo jiya da hantsi, shi da ya shekara biyu bai taka gidan ba, da sabulai da turmin zane, yana Anti kaza Anti kaza, har yana tambayar lafiyar ƙafarta. Tun daga nan ta san da walakin. Da ya ce Yaya ya aiko shi ɗaukar duro, ta ce a ranta mutumin da ko bargo bai yarda ta ɗaga ba, shi zai aiko a ɗauka a bayan idonsa? Ta bar shi a zaure ta ce bari ta kawo ruwa, ta kira maƙwabciya suka mirgino duron ciki, ta fito ta ce masa ta zubar. Ta so gaya wa Malam da ya dawo, sai ta ga ya gaji, kuma ba ta son ta zama mai shiga tsakanin wa da ƙani a kan zato.

Ya gaya mata abin da ya faru a tashar. Ta ajiye almakashi.

"Ke nan ni na tura shi can. Da na ba shi wannan, da bai taɓa tankin ba."

"Da kin ba shi, da ya wanke wannan, ya ga bai ishe shi cika bokiti huɗu ba, ya wuce can. Da yanzu ba mu da ko ɗaya."

Ta ce zanen da sabulan suna nan a leda, ba ta kwance ba, ya san yadda zai yi da su. Ya ce ta ba maƙwabciya, ita ta yi aikin.

Kafin la'asar ta sauka sun ɗora duron a kan amalanken kwata, shi da Maigadi suna turawa a hankali kamar masu ɗauke da mai karaya, ita tana biye tana riƙe da bargon da ke zamewa, tana faɗa wa duk wanda ya toshe hanci cewa ai bai ji komai ba. A tashar Mai Walda ya gyara robar murfin, ya ɗaure notin a gicciye, ɗaya nan ɗaya can. Ya zubar da ruwan famfon ta gindi. Ya tura ɗanyen gas ta cikin tankin ya daɗe yana korar iskar da ta shiga, sannan ya ɗauraye zobban da ruwa mai ɗumi daga tanki na ɗaya. Duron bai buɗe shi ba. Tiyo biyu ya haɗa masa, ɗaya shiga ɗaya fita, da ƙaramin famfo mai juya ruwa, don irin ya bi ruwan ya shiga sabon gida ba tare da ya ga sarari ba. Daga ƙarshe ya buɗe haidurojin kaɗan, ɗan abin da jariri zai iya haɗiya. Allurar ba ta motsa ba. Bai sa ran za ta motsa ba.

Sista ta leƙo ta ƙofar katanga da takardar da za ta manna a ƙofar ɗakin tiyata, ta bar wurin kwanan wata babu komai. Ya ce ta rubuta wata huɗu, in Allah ya sa ya zo da wuri ba wanda zai yi fushi. Ta rubuta. Ta ce likita ya riga ya kai rahoto hukuma, kuma za a tambayi Maigadi, za a tambaye shi shi ma. Ya ce in an tambaye shi zai faɗi abin da ya gani.

Ya ɗauko gwangwanin fenti ya ja sabon layin rawaya a kan noti goma sha shida. Da ya sauko ya laluba aljihu ya fito da mabuɗin da ya karɓo, ya miƙa wa matarsa. Ta juya shi a hannu ta ce ita me za ta yi da mabuɗin gidan wari. Ta dai ɗaure shi a bakin zane.

Kwana ɗari da uku ɗakin tiyata ya yi a rufe. Mata goma sha tara aka sa a mota zuwa babban asibiti, goma sha takwas suka dawo. Kamfanin ya gina tankinsa a jujin bayan gari, da lanƙwasar da komai, aka juye bokitai huɗu a ciki, aka yi wata uku ana kallon allura ba ta ɗaga ba. Hukumar injiniyoyi ta soke takardar Injiniya. Kotu ta ɗaure shi shekara uku. Aikin da aka ba shi a gidan yari shi ne kwashe bokitan bayan gida kowace safiya.